Gaisuwar Suruki Ranar Tsere

Duk Ƙonni an san Mutari tela da keke. Ba irin keken da ake ɗora wa buhun gero a kai niƙa ba. Wani siririn abu ne da ya sayo gwanjo daga Sakkwato, ƙahonsa a lanƙwashe kamar na rago, tayarsa ba ta wuce kaurin babban yatsa ba. Da an sallame asuba zai hau ya nufi Bazaga ko Tsarnawa, ba saye ba sayarwa, ba dubiyar mara lafiya, ya je ya juyo. Mutane sun yi magana har sun gaji. Ni dai ban ga laifinsa ba. Wani shayi ne jarabarsa, wani karta, wani bin 'yan kokawa gari-gari, shi kuwa Allah ya jarabce shi da taka feda, kuma duk wanda ya kai masa ɗinki yana karɓar abinsa ranar da aka ce.

Alkawari ɗaya ya karya, shi ne kuwa ya ci shi. Matarsa Tsahara 'yar wani ƙauye ce a bakin gudron, wato titin kwalta, gab da Dogarawa. Ubanta, Malam Mahamudu, dattijo ne mai gonaki da rumbuna, mai faɗa a ji. Da damina ta tafi gida goyon cikin fari, Mutari kuwa ya yi wa surukinsa alkawarin gayya ranar noman maimai, kamar yadda kowane ɗa mai mutunci ke yi. Sai ranar ta faɗo daidai da wani tsere a Tawa. Ya tura abokansa da hauyoyinsu, ya ce yana biye da su. Suka nome gonar tas, mai gayya bai zo ba. Ya iso ana wanke hannu an gama cin tuwo. Malam Mahamudu har sannu da zuwa ya yi masa. Irin mutanen nan ne da ba sa faɗa da zafi, sai dai su zuba abu a rumbu su rufe, su jira ya yi tsada.

Tsahara ta haifi mace, aka sa mata Bara'atu. Arba'in ta cika, ba a mayar da mai jego ɗakinta ba. Mutari ya tura manya, aka ce tana ƙara hutawa. Ya sake turawa bayan an yi girbi, aka ce ai ba a gama sussuka ba. Tun ranar suna bai ƙara sa 'yarsa a ido ba. Kuma yana son matarsa, so na gaske, wanda har makwabta suka san da shi. Ɗakin ya yi masa faɗi, abincin kasuwa ya fita ransa. Ita ma idan ta samu sarari takan kira shi a waya, murya ƙasa-ƙasa, ta ce ya ƙara haƙuri, ita ɗakinta take so.

Ana cikin haka ƙungiyar 'yan keken yankin ta sa ranar babban tserenta na shekara. Za a tashi daga Illela a biyo Badagishiri, a faɗo Tsarnawa, a yi gabas ta Malbaza da Dogarawa har Galmi, a juyo a ƙare a Ƙonni. Tafiyar yini ce sukutum. Babu wata dukiya a ƙarshenta, riga ce kawai da kiran suna a rediyo, amma Mutari shekara guda ya yi yana yi mata shiri.

Ana saura kwanaki kaɗan sai ga Takama, wan Tsahara, ya tsaya da moto, wato babur, a ƙofar shagon. Ko kashe injin bai yi ba.

"Baba yac ce tunda ran Lahadi hanyarka ta biyo ta ƙohwar gida, ka tsaya a gama maganar Tsahara."

Mutari ya ji wani sanyi a ransa, sannan ya tuna ko wace Lahadi ce. Ya ce, "Yaya, ko in zaka ran Asabar? Ko Litinin tun da swahe?"

"Lahadi yac ce," in ji Takama, ya ja motonsa.

Mai hankali da ya jingine keken nan, ya sa babbar rigarsa, ya sayi goro, ya shiga mota ya tafi. Abokansa sun faɗa masa haka, sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Amma Mutari tela ne, sai ya kawo dabarar tela. Ya samo wani yadi mara nauyi ya ɗinka doguwar riga da wando, ya naɗe su suka koma kamar dunƙulen hannu, ya sa a leda ya ɗaure ƙarƙashin sirdi da roba. Ai kayan tsere ba na shiga mutane ba ne: wando ne matsattse da bai kai gwiwa ba, da 'yar riga mai lafe wa jiki. Shirinsa shi ne kafin ƙauyen ya ratse bayan wata bishiya ya zura rigar, ya je ya durƙusa, a ce an ba shi matarsa, ya yi godiya ya bi sahun 'yan uwansa. Yana ganin abu ne na ɗan lokaci kaɗan. Har yana hasashen Tsahara za ta ji sunansa a rediyo da yamma tana haɗa kayanta.

Ranar Lahadi rana na fitowa aka sallame su daga Illela. Su wajen arba'in ne, kuma ba wanda keke ke ciyar da shi a cikinsu: malaman lakwal, wato makarantar boko, wani jandarma, 'yan makaranta, wani mahauci daga Malbaza mai ƙafafu kamar turmi. Kowa da lamba maƙale a bayan riga. Masu moto na bi da jarkokin ruwa da ayaba, can baya kuma wata tsohuwar mota a-kori-kura da suke kira motar shara. Duk wanda ta cim masa an gama da shi, a cire lambarsa, in yana so a jefa kekensa a baya.

Har Badagishiri ana raha. Daga nan rana ta fara ɗagawa, hanya ta miƙe ba inuwa, gonakin da aka girbe sun yi fari fat hagu da dama, sai karan dawa da awaki. Baki ya mutu. Aka fara zubewa da ɗai-ɗai, wani taya ta fashe, wani cinya ta ɗaure, wani ya sauka ya yi amai a gindin aduwa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Da suka karya kwana a Tsarnawa suka fuskanci gabas, iska ta tare su a ƙirji, waɗanda suka rage a gaba ba su fi goma ba. Suka jeru ɗaya bayan ɗaya, na gaba ya sha iska ya koma baya, na biye ya karɓa. Haka ake yi, domin wanda ya saki layi ya rage shi kaɗai da iskar nan, ko ƙafar ƙarfe gare shi ba zai sake kamo su ba. Mutari yana ciki, gishirin gumi ya yi masa fari a riga, amma ƙafarsa lafiya lau. Bai taɓa jin ƙarfi irin na ranar ba.

A bayansa akwai Anwar, ɗan wani attajirin Ƙonni, saurayi mai sabon keke da tabarau. Mutari ya wuce shi a tseren Tawa ana gab da layi, yaron bai manta ba. Kuma ya san labarin ledar nan, don ba wanda bai sani ba. Tun daga Illela yake tsokana.

"Tela, mi kaka ɗauke da shi nan ƙasa? Lehen biko na?"

Suka wuce Malbaza, hayaƙin masana'antar siminti ya koma bayansu, yara na bin gefen hanya suna ihu. Mutari ya fara duba bishiyar da zai ratse. Suna hawa 'yar gangaren ƙarshe kafin ƙauyen sai ya ji an fizgi sirdinsa. Ya waiga. Ledar tana hannun Anwar. Wata babbar mota buɗaɗɗiya tana tahowa daga gabas cike da buhuna, yaron ya ɗaga hannu ya wurga ledar can sama, ta faɗa tsakanin buhunan, motar ta yi gaba abinta.

"Na ɗebe maka nauyi, tela! Ka gode mani!"

Biyu-uku suka yi dariya da ɗan numfashin da ya rage musu. A wurinsu wasa ne.

Kafin Mutari ya gama fahimtar abin da aka yi masa sun hau kan tudun, ƙauyen ya bayyana gaba ɗaya. Ga babbar bishiyar bedi a ƙofar gidan Malam Mahamudu, ga tabarmi, ga farare da shuɗɗan riguna jere a inuwa. Takama yana tsaye a bakin gudron, ya riga ya hango shi, yana nuna shi da hannu. Babu wurin ɓuya, babu gidan da zai faɗa ya ari riga ba a gan shi ba. In ya wuce a kan keke, surukinsa na zaune yana kallo, bayan an ce ya tsaya, to ya saki Tsahara da ƙafarsa. In ya sauka, ga yadda yake. Gaba kura, baya sayaki. Ya kama burki. Layin ya wuce shi, ƙarar tayoyinsu ta yi nisa.

Ya kwantar da keken, ya cire takalma, ya cire hular kwano ya riƙe ta a gabansa. Ya taka zuwa inda inuwar ta ƙare ya tsuguna a rana. Dattawa sun fi goma. Akwai liman, akwai ƙannen Malam Mahamudu biyu da suka zo takanas daga Alela. Wannan ba zaman hira ba ne, gayyato su aka yi.

"Salamu alaikum. Baba, ina wuni?"

Wasu suka amsa sallamar a ciki-ciki, suka kawar da kai. Malam Mahamudu kuwa ya ci gaba da maganar da yake yi da na kusa da shi a kan irin albasa, wai na bana bai kai na bara ba. Ya yi bayani dalla-dalla. Ya tambayi wani labarin rijiyar garkarsa. Mutari na tsugune, cinyoyinsa a waje, wandon ya lafe masa yadda ba abin da ya ɓoye, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ta saman zana ya ga kawunan mata suna leƙe.

Sai da tsohon ya ga dama sannan ya juyo.

"A'a, baƙi munka yi? Lahiya lau. Ina gajiya? Ina mutanen Ƙonni?"

Daga nan ya kama gaisuwa kamar wanda aka biya. Ya tambayi mahaifiyar Mutari, ya tambayi ciwon ƙafarta. Ya tambayi kawunsa, da makwabcinsa, da mai shagon da ke kusa da nasa, kowa da sunansa. Mutari na amsawa, lafiya lau Baba, sun gode Baba. 'Yan tseren da aka bari a baya suna ta wucewa ɗai-ɗai, kowa ya waigo ya dube shi. Aka kawo fura a babbar ƙwarya, mai kauri, tsohon ya ce a miƙa wa baƙo. Ba a mayar da furar suruki. Ya sha, ta sauka a cikinsa kamar dutse, aka ce ya ƙara, ya ƙara.

Motar shara ta iso ta tsaya. Wani malamin lakwal da ke kula da tseren ya leƙo ya ƙwala kira, yana tambaya ko zai ci gaba. Daidai lokacin Malam Mahamudu na ba shi labarin wata akuya da ta ɓata. Wa zai juya wa surukinsa ƙeya yana magana? Mutari bai waiga ba. Malamin ya jira, ya sake kira, sannan ya sauko ya yi wa dattawa sallama, ya sunkuya ya ɓalle lambar daga bayan rigar Mutari yana tsugune. Ya ji fil ɗin na fita ɗaya bayan ɗaya. Shekararsa guda ta tafi a nan, ya haɗiye, ya ce a ransa ba komai, in dai za a ba shi Tsahara. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Amma tsohon bai gama ba. Ya ja zancen akuyar nan har 'yan gaba suka juyo daga Galmi. Iska na bayansu yanzu, suka taho kamar an harbo su, Anwar a kan gaba. Da ya zo daidai bedin ya sa yatsu a baki ya yi fito.

"Ga abokan aikinka can," in ji Malam Mahamudu. Sannan ya gyara zama ya dubi dattawan, murya a kwance. "Jama'a, kun ce na matsa. Kun ce in maida yarinya ɗakinta. Liman, kai kaz zo har gida kac ce in ji tsoron Allah. Shi yas sa nit tara ku, don kowa shi gani da idonai. To ga mijin. Ran da nika bukatatai gona, keke yab bi. Yau na kira shi maganar aurenai, ga yadda yaz zo mani. Tela na hwa. Shina suturta mutanen Ƙonni."

"Baba, wallahi na ɗinko riga, hanya anka..."

"Ban tambaye ka ba, yaro."

Liman mutumin kirki ne, abin ya dame shi. Ya ce, "Malam Mahamudu, ko mine na laihinai, ɗa na. A ba shi abin da za shi ruhe jikinai, sannan a yi magana."

Riga liman yake nufi, kowa ya san haka. Amma tsohon kamar jira yake.

"Gaskiyarka, liman. Sai dai rigunana na maza na." Ya ɗaga murya. "Tsahara! Kawo ma baƙo zane!"

Ni a ganina da ya sa an zane Mutari da bulala da ya fi masa sauƙi, don bulala tana warkewa. Liman ya buɗe baki, ya dubi fuskar mai gida, ya rufe. Sauran kuwa kowa ya sa ido a tabarma. A cikinsu akwai mai cin bashin hatsinsa, akwai mai aron shanunsa na huɗa, ba wanda zai ɓata da shi saboda wani tela.

Tsahara ta fito da goyo a baya, kanta a ƙasa, zanen atamfa a hannunta. Ta yi haske, ta ɗan rame. Mutari bai ga fuskar 'yarsa ba, tafin ƙafa kawai ya gani yana leƙowa ta gefen majanyi. Ta durƙusa ta ajiye zanen a gabansa, ba ta dube shi ba.

"Ɗaura," in ji tsohon.

In ya ƙi, ya ƙi umarnin suruki a gaban shaidu. Haka ya lissafa, har yanzu yana ganin akwai abin da zai ceto. Ya miƙe da kyar, ya warware zanen, ya ɗaura a ƙugu. Zane ne mai manyan furanni ja da rawaya. Wata mata a bayan zana ta kasa riƙewa ta tuntsire, sai dariya ta ɓarke ko'ina, har da masu guɗa. Takama ya ɗaga wayarsa yana ɗauka, yana zagaya shi don ya samu ta gaba da ta baya. Kafin magariba hoton nan zai kai Ƙonni, ya kai Alela, ya tsallaka iyaka.

Malam Mahamudu ya bari aka yi dariyar ta ishi kowa, sannan ya ɗaga hannu.

"To, Tsahara. Ga mijinki nan. Ni ban hana ki ba, jama'a na shaida. In kina zuwa, shiga ki ɗauko kayanki ki bi shi yanzu."

A nan ne muguntar tsohon ta cika. Bai ce a sake ta ba, bai kore shi ba. Yarinyar da aka haifa a garin nan, wadda za ta zo suna da biki da gaisuwar mutuwa a garin nan har ƙarshen ranta, ita ya ce ta tashi a gaban ƙawayenta da matan yayyenta ta bi namiji mai ɗaure da zanenta. Tsahara ta ɗago kai. Wannan ne karon farko da ta dubi mijinta, daga fuskar da gishiri ya bushe a kai har zuwa furannin atamfar. Mutari ya ga idonta ya cika. Ya yi mata magana a hankali, bai damu da wa ke ji ba.

"Tsahara, don Allah."

Ta dubi zana inda matan suke. Ta dubi wayar Takama. Jaririyar ta motsa, ta kai hannu baya ta jijjiga ta.

"Baba, ba ni zuwa."

"Kun dai ji," in ji Malam Mahamudu. "Ba ni na hana ba." Ya juya ga na kusa da shi ya tambaye shi ko an kira azahar.

Mutari ya tafi wurin kekensa. Ya ɗaga ƙafa zai hau, cinyar ta ɗaure tamau saboda dogon tsuguno, ya faɗi shi da keken gaba ɗaya. Aka sake wata dariyar. Ya tashi, ya tura takalma a ƙafa, ya kama ƙahon keken ya fara turawa a gefen gudron, ya nufi yamma yana ɗingishi. Bai ma san zanen na jikinsa ba.

Ya kusa fita garin sai ya ji takun silifa a bayansa, da sauri-sauri. Ya san takun. Ya tsaya, ya juyo da dukan jikinsa. Ita ce, da goyonta, tana haki. Ba ta ɗauko kaya ba, amma wa ya damu da kaya? Ya buɗe baki zai ce ta zo su tafi haka nan, zai tare musu mota a Malbaza.

Ta tsaya nesa da shi kaɗan, ta kawar da fuska gefe, ta miƙo hannu.

"Zanena."